Bakin da Kaka Ta Ara

Akwai wasu kalmomi da har yau idan na ji su, cinyata ta hagu ke amsawa kafin bakina. Ranar Lahadin da ta wuce ma haka aka yi. Ina zaune a cocinmu na Takur, fanka na kaɗawa, samarin da ke buga ganga sun ajiye sandunansu, sai limamin ya buɗe hannuwansa a bayan tebur ya ce, "Ubangiji ya kasance tare da ku." Kafin jama'a su amsa na ji wani ɗan zafi daidai wurin da Kaka take mintsinina. Na shafa wurin a ɓoye. Ga ni mace da furfura, 'ya'yana sun kai aure, amma kunya ta lulluɓe ni kamar har yanzu ni ce yarinyar nan da ɗankwali ya fi kanta girma.

Mai karatu, idan ba ka taɓa shiga coci ba, bari in gaya maka abin da ake yi. Ranar da za a ci Jibin Ubangiji, kafin limami ya fara doguwar addu'ar da ake yi a kan gurasa da ƙoƙo, sai ya yi wata 'yar gajeruwar magana da jama'a, ya faɗa su amsa, har sau uku. Ya ce Ubangiji ya kasance tare da ku, a ce masa, "Da kai kuma." Ya ce, "Ku ɗaga zukatanku," a ce, "Mun ɗaga su ga Ubangiji." Ya ce, "Mu yi godiya ga Ubangiji Allahnmu," a ce, "Daidai ne, ya kuma dace." Shi ke nan. Ba ta kai tsawon gaisuwar safe tsakanin maƙwabta biyu ba. Kaka kuwa sallamar tebur take kiranta, kuma a kan wannan 'yar maganar na sha kunyar da ban sha a kan komai ba.

Ƙauyenmu yana can bayan Kiyawa, idan ka sauka daga kwalta ka bi burtali. Ba gari ba ne, gidaje ne a warwatse cikin gonaki, irin zaman da kakanninmu Maguzawa suka bar mana. Da damina dawa takan rufe gidajen har ba ka ganin komai sai hayaƙi. Maƙwabtanmu na kusa Musulmi ne, gidan wani malami mai makaranta, kuma rabin danginmu ma sun musulunta tun kafin a haife ni. Rijiya ɗaya muke ja. Coci biyu ne a yankin. Akwai na 'yan Katolika a hayin fadama, inda Fada, limaminsu, yake zuwa a kan babur lokaci-lokaci, akwai kuma namu na Angilikan, ginin ƙasa da rufin kwano, a gindin wata tsamiya da ke jikin gidanmu. Limamin wannan cocin namu shi ne Babana.

A hayin fadama aka fara yi wa Kaka baftisma, tun Baba yana saurayi. Shi kuma karatu ya kai shi birni, ya dawo yana bin Angilikan, ya yi aure, daga baya aka naɗa shi limami aka turo shi gida. Ranar da ya fara sujada a gindin tsamiya, Kaka ta naɗe tabarmarta ta dawo nan ba tare da ta ce wa kowa komai ba. To amma akwai matsala ɗaya da waɗanda suka turo shi ba su yi lissafinta ba. Baba ɗan farinta ne.

Yaran yanzu ba za su gane ba. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kallon tsabar idonsa, ba ta yi masa magana kai-tsaye a gaban mutane. Kaka kuwa ta riƙe wannan da hannu biyu. Ko wani yaro ne ya ci sunan Baba, sai ta kira shi mai sunan wancan. Da safe Baba yakan zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta ya gaida asabari, ita kuma daga ciki ta dube ni ta ce, "Ce masa lafiya lau." Idan ta dama fura ta yi kyau, sai ta ware mai kaurin ta ce in kai wa mutanen ɗakin can, alhali kowa ya san mutum ɗaya take nufi. Ni ma 'yar fari ce, shi ya sa da aka yaye ni aka kai ni ɗakinta. Na tashi ina jin warin daddawa da man shanu a jikin zanenta, ina kuma ɗaukar magana daga bakinta zuwa kunnen ɗanta, tazarar da ba ta fi taku kaɗan ba. A gida abin bai taɓa damuna ba. A coci ne ya zame mini ƙaya.

Mata suna zama a hagu, maza a dama. Kaka ba ta hawa benci, tabarma take shimfiɗawa a gaba, kusa da bango, ni kuma a gefenta. Waƙa tana yi, har da rausaya. Addu'ar Ubangiji tana yi da kowa, domin wannan da Allah ake magana. Amma da zarar Baba ya buɗe hannu ya ce Ubangiji ya kasance tare da ku, sai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, bakinta ya rufe gam. A daidai lokacin ne yatsunta biyu za su sami cinyata. Yatsun mai sussukar gero ne, ba su san wasa ba. In na amsa a hankali, ta ƙara murɗawa. In na ɗaga murya, ta sassauta. Sau uku ake faɗa, sau uku ake mintsinina, har na koyi in kwarma amsar tun kafin hannun ya iso. Muryata kuwa siririya ce mai kaifi, tana fita saman ta kowa ta bugi kwanon rufi.

Ba a daɗe ba yara suka laƙaba mini Lasifika. A bakin rijiya, a hanyar makaranta, a wurin kiwo, sai in ji wani ya maƙale murya daga cikin dawa ya ce, "Mun ɗaga su ga Ubangijiii!" sauran su fashe da dariya. Har 'ya'yan gidan Malam, da ba su taɓa leƙa cocin ba, sun iya. Na yi dambe a kan sunan nan har na gaji, kuma kowa ya san wanda ya yi fushi da sunan tsokana shi ya ɗaura wa kansa. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne maganar manya. Tsofaffi sun san dalili, ba su cewa komai. Amma matan da aka auro daga nesa da samarin da suka ɗan yi boko suna ƙus-ƙus. Wasu su ce tsohuwar ba ta bar tsafi ba har yanzu, shi ya sa kalmar ba ta fita a bakinta. Wasu su ce zuciyarta tana wurin Fada. Ina jin su, domin babba ba ya ganin yaro idan yana gulma.

Ranar da abin ya kai maƙura, lokacin girbi ne, an yi sujadar godiya. An jera dammunan gero da dawa a gaban tebur, da kabewa, da kaji a ɗaure suna ta kuka. Wani babban limami ya zo daga Dutse da matarsa, mace mai kirki da fara'a, mai farin gilashi, wadda ba a ƙasarmu ta tashi ba. An ba ta kujera a gaba, ta yadda tana kallon Kaka sosai. Da aka tashi, mata suka taru a inuwar tsamiya don a gaisa da ita. Sai ta kamo hannun Kaka ta ce, "Mama, na lura ba ki amsa ba ɗazu. Ashe ba wanda ya koya miki? Uwar Rabaran guda! Zo, ba wuya. Ki faɗa bayana."

Na zaci Kaka za ta yi mata bayani, ko wata tsohuwa ta sa baki. Ba wadda ta tanka, domin bayanin ma abin kunya ne, sai an ambaci haihuwar fari a gaban baƙuwa. Kaka ta tsuguna, ta riƙa maimaita kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar 'yar aji ɗaya, kalmomin da ta sani tun baƙuwar ba ta yi wayo ba. Da ta gama, matar ta ce a tafa mata, aka tafa. Wasu suna danne dariya da bakin zane. Baba yana tsaye can nesa da baƙonsa, na ga ya juya baya yana duban gona. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban waiwayo ba.

Da la'asar muna ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki, na kasa haƙuri. Jika yana da bakin da ɗa ba shi da shi, na kuwa yi amfani da nawa. Na ce mata ta ba mu kunya, ta ba Baba kunya, ni kuma ta mayar da ni abin dariya a gari. Na ce kalma nawa ce da za ta gagare ta?

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ke 'yar nan ba ki da ta-ido. Da wane bakin zan dube shi a gaban jama'a in ce masa kai? Ni fa na haife shi."

Na ce to ta yi shirunta mana, ta ƙyale cinyata.

Ta ce, "Sallama ce. Ba a barin sallama a ƙasa, kuma wanda bai amsa sallama ba, ba ya sa hannu a ƙwaryar masu gida. Na tambayi Malam, ya ce ko a wurinsu in an yi wa mutane sallama, ɗaya ya amsa, ya ɗauke wa sauran. To ni da ke ɗakinmu ɗaya." Ta watsa ɓawon gyaɗa ga awaki, ta ƙara da cewa, "Aron bakinki nake yi. In ya yi ƙasa-ƙasa, ta ina zai san na amsa?"

Kada ka zaci na huce. Yarinya ce ni, abin da ya dame ni shi ne sunan da ake kirana da shi, kuma washegari ma an kira ni.

Da na gama firamare aka tura ni makarantar kwana a Taura. Mu Kiristoci ba mu da yawa, a wani aji muke taruwa ran Lahadi, kowa da irin cocin da ya fito. A nan na gane cewa sallamar tebur ba ta ƙauyenmu kaɗai ba ce. 'Yan Katolika suna da ita, sai dai su a amsar farko ruhun limamin suke ambata. Wata yarinya 'yar Lutheran da ta zo daga gabas ta ce su rera ta suke yi, ta kuwa rera mana, da daɗi. Wata malama ta ce mana tun zamanin da ake sujada a ɓoye cikin gidaje ake wannan gaisuwar, kuma har a ƙasashen da ba mu san sunansu ba ana yin ta, kowa da harshensa. Wasu kuma cikinmu suka ce su ba su san ta ba sam, fastonsu karatu kawai yake yi ya raba gurasa. Na tuna na yi sha'awar waɗannan ƙwarai. A makarantar nan ba wanda ya san Lasifika. In limami ya zo, ina motsa leɓe ne kawai a cikin taro, ina jin daɗin zama ba kowa ba.

Hutun farko da na dawo, ƙanena ya zo ɗaukata a bakin kwalta da keke. Ba mu yi nisa ba ya ce, "Kin ji Kaka ta koma wa Fada?" Na kusa faɗowa.

Ashe tun da na tafi ta rasa bakin aro. Ƙannena duka maza ne, a dama suke zama. Inna ta gwada zama kusa da ita, amma ina aka taɓa ganin uwar miji ta mintsini surukarta a cikin coci, kuma ɗakinsu ba ɗaya ba. Aka ba ta wata jikar ƙanwarta, yarinyar ta sha mintsini sau ɗaya ta ƙwalla ihu ta fita a guje. Daga nan Kaka ta riƙa zama shiru, in an zo karɓar gurasa ba ta tashi. Da abin ya ishe ta, sai ta naɗe tabarmarta ran Lahadi ta bi ta gaban cocin ɗanta, ta gangara fadama.

Na bi ta a Lahadin da ta biyo, don in ga da idona. Rani ne, fadama ta yi kore da albasa da tumatir, masu ban-ruwa suna ta gaishe ta, ni kuwa ina jin idanunsu a bayana. Cocin hayi ƙarami ne, yana ƙamshin turare da kyandir. Fada ya buɗe hannu ya yi sallamar, sai na ji wata murya a gefena, babba, mai kauri, ta cika ɗakin. Na waiga. Kaka ce, kanta a ɗage, mayafi a kafaɗa, tana amsawa har jijiyar wuyanta ta fito. Tun da nake ban taɓa jin ta faɗi kalmomin nan da son ranta ba. Ashe muryar da ake yi mini dariya a kanta gado ce.

Amma da aka tashi layin karɓa, ba ta motsa ba. A hanyar dawowa na tambaye ta. Ta ce katikis ɗin wurin, mai taimaka wa Fada, ya yi mata bayani cikin ladabi, cewa tun da ta daɗe tana ci a teburin Angilikan, ba za ta karɓa a nan ba sai ta dawo gaba ɗaya, ta bar teburin ɗanta. "In bar wancan?" ta ce, ta yi tsaki. Ta yi tafiya kaɗan sannan ta ce, "A hayi ina da baki ba ni da ƙwarya. A gida ina da ƙwarya ba ni da baki." Ta faɗe shi ne kamar mai ba da labarin tsadar gishiri, amma na ga ta goge ido da bakin mayafi.

A lokacin hutu ina ara mata baki, ta karɓa. To hutu ba ya daɗewa, Jibin ma ba kowace Lahadi ake yi ba, tunda Baba yana zagaya wasu ƙauyuka. Sau da yawa in zo in koma ba a yi ba. Magana kuwa ta yi yawa a gari. Aka ce limamin da uwarsa ta guje wa teburinsa, me zai gaya wa wasu? Wani gida guda suka daina zuwa. Dattawan coci suka zo suka sami Baba a gindin tsamiya, suka ce ya yi wa tsohuwa magana. Ya saurare su har suka gama, ya ce ya ji. Ta yaya zai yi mata magana? Shi ma kunyar nan a cikinta aka haife shi, rigar limanci ba ta cire masa ita ba. Ina ganinsa ran Lahadi da safe, idan ta fito da tabarma a hammata, sai ya shige bayan coci kamar yana neman wani abu, har ta wuce.

Wata damina ruwa ya yi yawa, fadama ta cika ta batse, ba mai haye ta sai masu ƙarfi. A daminar ce ƙafafun Kaka suka kumbura, ta kwanta. Na dawo dogon hutu na same ta ta zube, idanu sun faɗa. An kai ta asibiti a Dutse an dawo da ita da ƙwayoyi, amma kowa ya ga inda abin ya nufa. Ba ta koka da ciwo. Abu ɗaya ta ce mini ina shafa mata man zafi, wai ta daɗe ba ta ci ba. Na ce ga kunu nan. Ta ce ba wannan ba.

Na kai maganar inda aka saba kai ta. Baba ya ce in share ɗakin ran Lahadi.

Bayan an tashi sujada aka yi ruwa mai ƙarfi, ya ɗauke da azahar. Tsakar gida duk taɓo, indararo na ɗiga, ƙasa na ƙamshi. Sai ga Baba cikin farar rigarsa, ya tattare ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da faranti an rufe da farin ƙyalle. Ya yi sallama a ƙofa, na amsa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya wuce asabarin nan ba. Ranar ya sunkuya ya shigo. Kaka ta juya fuska bango. Na kifa turmi na shimfiɗa ƙyallen a kai, ya ajiye gurasa da ƙoƙo, na koma bakin gado na zauna inda hannunta zai kai.

Ya dubi ƙasa ya ce mini, "Gaya mata ba ɗanta ne ya zo ba. Ɗan aike ne."

Na faɗa. Ta ce, "Gaya masa na san muryar da na haifa."

Ya yi karatu gajere, ya yi addu'a. Sannan ya buɗe hannuwansa, a ɗakin da ko miƙewa sosai ba ya iya yi, ya ce, "Ubangiji ya kasance tare da ku."

Na ja numfashi zan amsa. Hannunta ya sauka a cinyata, amma ba mintsini ba ne. Tafin ta ɗora, ta danna, irin yadda ake tsayar da yaro idan zai tsallaka hanya. Na haɗiye maganar. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa da kukan wata akuya a bayan danga. Baba bai maimaita ba, bai kuma sauke hannu ba. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba, na dai san na ƙosa har na fara addu'a a zuci ta sake ni in amsa a wuce wurin. Sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, tana fuskantar bango, ta ce da wata 'yar murya da ban san ta da ita ba, "Da kai kuma."

Baba ya buɗe baki zai ci gaba, maganar ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Sai na ji wani sauti daga ƙirjinsa, na ɗaga ido na ga hawaye yana bin gemunsa yana sauka a kan farar rigar. Wallahi duk kunyar da na sha a baya, ta Lasifika da ta ranar girbi, ba ta kama ƙafar wannan ba. Na ga abin da bai kamata 'ya ta gani ba, na ji abin da ba don kunnena aka faɗa ba. Na kafa ido a kan ƙafar turmi ina roƙon kada ɗayansu ya tuna ina wurin.

Can sai na ji yatsu biyu sun sami cinyata, ba ƙarfi, amma mintsini ne sosai. Daga cikin mayafi ta ce, "Ce wa wancan ya ci gaba. Ba kwana zan yi ina jira ba."

Na faɗa. Ya share fuska da hannun riga ya ce mu ɗaga zukatanmu. Sauran biyun ni na amsa, da ƙarfi, yadda take so. Ta karɓi gurasar ta ƙarƙashin mayafi, ta sha daga ƙoƙon ina tallafe da kanta. Ya tattara kayansa ya fita da baya. Ta kai bayan girbi kafin ta rasu, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta ƙara yi masa magana kai-tsaye ba. Ranar jana'izarta mutanen hayi sun zo, gidan Malam ma sun zo, kowa ya tsaya a inda ya ga ya dace.

Yanzu zamani ya juya. Ni ɗan farina da sunansa nake kiransa, har in yi masa faɗa a waya, ya ce mini Momi. Ban ce wannan ya fi ba, ban kuma ce wancan ya fi ba. Abin da na sani shi ne mu kalma ba ta yi mana tsada, muna zubar da ita safe da yamma. A cocinmu na Takur akwai lasifika ta gaske, har huɗu, ana sujada da Turanci da safe, da Hausa in rana ta ɗaga, kuma jama'a sukan amsa sallamar tebur da sauri, wasu ido na kan waya. Ni ma shekara da shekaru a ciki-ciki nake amsawa. Sunan tsokanar nan bai sake ni ba har yau.

Baba ya tsufa, ya ajiye aiki, yana zaune a wurina. Ni da shi ba mu taɓa tayar da maganar ranar nan ba, ko sau ɗaya. Wani lokaci idan limaminmu ya yi tafiya, akan roƙe shi ya riƙe tebur. Sai a kama shi a hau da shi, ya buɗe hannuwan nan da suka bushe, ya ce Ubangiji ya kasance tare da ku. Jama'a su amsa gaba ɗaya, su gama. Shi kuma ya tsaya, hannu a buɗe, kai a sunkuye. Mutane su fara gyaran murya. Suna cewa tsufa ne, Baba ya fara mantuwa. Rannan har wani saurayi ya matso ya raɗa masa layin da ke gaba, na ji kamar in nutse a kan benci.

Ni kaɗai na san ba mantuwa ba ce, kuma ba zan iya tashi in yi wa coci guda bayani ba. Abin da nake yi shi ne in bari kowa ya yi shiru, in ja mayafina, in dubi bango. Kunnensa ya yi nauyi, ban san yadda yake ji ba. Amma sai na ce, a hankali, "Da kai kuma," sannan yake ci gaba.